BABI NA BIYU: ILIMIN NAZARIN ƊAN'ADAM DA RASSANSA A MA'AUNIN ƘASAR GWANDU

2.0 Shimfiɗa

A babin da ya gabata an bayyana manufar wannan bincike da farfajiyarsa, wato garuruwan Gwandu da Kalgo na masarautar Gwandu a Jihar Kabi. A wannan babi kuwa za a yi tsokaci a kan fannin ilimin da binciken ya jingina da shi. Za a fara da ma'anarsa, sannan a bi manyan rassansa guda huɗu ɗaya bayan ɗaya, ana auna kowanne da abin da ya tsinana wa wannan yanki. Daga nan za a yi sharhi a kan littafin C. E. Hopen (1958), domin shi ne fitaccen aikin da wani masanin fannin ya keɓe wa ƙasar Gwandu. Abin da ake son tabbatarwa shi ne, rarraba fannin zuwa rassa ya sauƙaƙa karantarwa, amma a wannan yanki ya sa kowane manazarci ya kama gefe ɗaya na rayuwar mutanen da ke shan ruwan rafi guda, ya bar sauran.

2.1 Ma'anar Ilimin Nazarin Ɗan'adam

Sunan da Turawa suka ba fannin, wato antarofoloji, ya samo asali ne daga kalmomin Girkanci guda biyu, ɗaya tana nufin mutum, ɗayar kuma tana nufin nazari. A taƙaice, fanni ne da ke ƙoƙarin fahimtar mutum gaba ɗayansa: jikinsa da harshensa da abin da hannunsa ya ƙera da kuma yadda yake zama da 'yan'uwansa, a da da yanzu. Masana da dama sun tofa albarkacin bakinsu a kan iyakokinsa. E. B. Tylor na Ingila, a littafinsa na 1871, shi ya fara ba al'ada ma'ana mai faɗi, inda ya haɗa sani da imani da fasaha da doka da ɗabi'u, da duk abin da mutum yake koya saboda kasancewarsa ɗan wata al'umma. Franz Boas kuwa, wanda ya karantar a Jami'ar Kolombiya ta Amurka, shi ake jingina wa kafuwar tsarin rassa huɗu da kuma ra'ayin cewa kowace al'ada da ma'auninta ake auna ta. Bronislaw Malinowski, da littafinsa na 1922 a kan mutanen tsibiran Tirobiriyan, ya kafa sharaɗin cewa sai mai bincike ya zauna cikin jama'a, ya ji harshensu, ya ga abin da suke yi da idonsa.

Sai dai akwai wani abu da bai kamata ɗalibin Hausa ya manta da shi ba. Fannin ya shigo Nijeriya ne tare da mulkin mallaka. An naɗa Northcote Thomas jami'in gwamnati na wannan fanni a Kudu a 1909, kuma C. K. Meek ya riƙe irin wannan aiki a Arewa, inda ya fitar da littafinsa a kan ƙabilun Arewa a 1925. Buƙatar gwamnati a lokacin ita ce ta san wa ke mulkin wa, wa zai tara haraji da jangali. Talal Asad (1973) ya tattara maƙalun da suka fito da wannan dangantaka fili. Saboda haka duk aikin da aka gada daga wancan zamani sai an karanta shi ana tambayar wa ya sa a yi shi, kuma don me.

2.2 Rassan Fannin

2.2.1 Nazarin Halittar Jiki

Wannan reshe yana duba asalin mutum da ƙasusuwan mutanen da, da bambancin jini da gado a tsakanin al'ummu. A Nijeriya fitaccen misalinsa shi ne ƙasusuwan da Thurstan Shaw ya tono a Iwo Eleru kusa da Akure a 1965.

A ƙasar Gwandu, tabon da wannan reshe ya fara bari ba mai kyau ba ne. Marubutan farkon ƙarni na 20 sun riƙa duban hasken fata da tsawon hancin Bafillace, suna cewa daga wani jinsi ya fito wanda suka kira Hamawa, kuma wai wannan ne ya ba shi basirar mulki. Littafin C. G. Seligman na 1930 ya yaɗa wannan ra'ayi ƙwarai. Illarsa ita ce ya mayar da jihadin 1804 tamkar nasarar wani jini a kan wani, alhali rubuce-rubucen Shehu Usmanu da Malam Abdullahi da Muhammadu Bello a kan gyaran addini da adalci suka tsaya, kuma cikin jama'arsu akwai Hausawa da Buzaye da wasunsu. Ilimin yau ya yi watsi da wancan ra'ayi.

Duk da haka reshen yana da amfanin da ba a ci moriyarsa sosai ba a nan. A 1954 A. C. Allison ya nuna cewa mai ɗauke da rabin gadon cutar sikila yana da wata kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, abin da ya bayyana yawaitar wannan gado a wuraren da sauro ya yi katutu. Haka kuma binciken Modiano da abokan aikinsa a Burkina Faso (1996) ya nuna Fulanin can sun fi maƙwabtansu Mosawa jure wa zazzaɓin. Ƙauyukan fadamar Kalgo wurare ne na ruwa da sauro, kuma auren zumunci ya zama ruwan dare a cikinsu. Wanda zai yi nazarin imanin Bahaushe game da ɗanwabi, wato yaron da ake cewa yana mutuwa yana dawowa, ya kamata ya san wannan bayani na jini, kamar yadda ya kamata likita ya san abin da uwar yaron ta yi imani da shi kafin ya ba ta shawara.

2.2.2 Nazarin Kufai

Wannan reshe yana karanta tarihi daga abin da mutane suka bari a ƙasa: kasake da tama da ganuwa da kaburbura. Da shi aka san gumakan Nok, waɗanda Bernard Fagg ya fara nazarinsu a shekarun 1940. Da shi kuma aka auna shekarun kwalekwalen Dufuna na Jihar Yobe, wanda wani makiyayi ya ci karo da shi yana haƙar rijiya a 1987, aka tarar ya kai kimanin shekara 8,000.

Tsohuwar ƙasar Kabi tana da abin nunawa a wannan fage. Kufan Surame, birnin da Muhammadu Kanta ya kafa a ƙarni na 16, har yanzu ganuwarsa ta dutse tana nan, kuma a 2007 Nijeriya ta sa shi cikin jerin wuraren da take nema wa rajistar hukumar UNESCO. Amma idan aka dawo Gwandu, abin da ɗalibi yake samu a laburare galibinsa tarihin sarauta ne da na yaƙi: zuwan Shehu garin a 1805, yaƙin Alwasa a wannan shekara, ganuwar da Bello ya gina, rabon daula a 1812 wanda ya ba Malam Abdullahi yammaci, da rasuwarsa a 1829. Waɗannan duk daga takarda aka same su. Mutanen da suka zauna a wurin kafin 1805, irin tukwanen da suka yi girki da su da irin hatsin da suka shuka, ƙasa ce kawai za ta iya ba da labarinsu. Haɗarin da ke nan shi ne, garuruwan suna faɗaɗa. Kafa Jami'ar Tarayya ta Birnin Kabi a 2013, wadda mazauninta na dindindin yake a kan hanyar Kalgo zuwa Bunza, ya jawo gine-gine da cinikin filaye. Tudun da aka baje da katafila ba ya sake ba da shaida.

2.2.3 Nazarin Harshe a Cikin Al'umma

Reshe na uku yana duba harshe a matsayin madubin zaman jama'a. A nan ne aka fi samun nasara. Joseph Greenberg, wanda ya yi bincike a cikin Maguzawan Kano ya fitar da littafinsa a 1946, shi ne daga baya ya sake tsara dangogin harsunan Afirka (1963). Ya sa Hausa cikin harsunan Cadi, ya kuma nuna cewa Fulfulde 'yar'uwar Wolof da Serer ce ta ƙasar Sanagal. Da wannan ne hujjar harshe da ake kafawa don ra'ayin Hamawa ta rushe. Ke nan reshe ɗaya ya gyara ɓarnar wani, abin da ke nuna cewa rassan ba su wadatuwa da kansu.

Hausar Gwandu da Kalgo ta yamma ce. Ana cewa munka zo da sunka tahi a inda Daidaitacciyar Hausa ke cewa muka zo da suka tafi. Ana cewa rigas sarki maimakon rigar sarki, shi zo maimakon ya zo, hwara maimakon fara. Ƙamusun Bargery (1934) ya adana kalmomin yamma masu yawa. Amma lissafa irin waɗannan bambance-bambance aikin masanin karin harshe ne. Tambayar da ta shafi wannan fanni ita ce, me ya sa kalmomin dangantaka kamar kawu da goggo da baffa, waɗanda daga Fulfulde suka shigo, suka zauna daram a gidan Bahaushe? Kalmar dangantaka ba a kasuwa ake aro ta ba, a ɗakin aure ake samunta. Haka kalmar burtali, hanyar shanu a tsakanin gonaki, ta shigo bakin manomi ne domin shi da makiyayi sun daɗe da yarjejeniya a kanta. Har sunayen garuruwan biyu abin lura ne. Ruwayar baka tana cewa Gwandu daga gandu ta samo suna, wato gonar Kanta, kalgo kuwa sunan itace ne sananne a dajin ƙasar Hausa. Ɗaya yana nuni ga gona, ɗaya ga daji, kuma a tsakanin waɗannan biyun ne rayuwar yankin take gudana.

2.2.4 Nazarin Al'ada da Zamantakewa

Wannan shi ne reshe mafi girma, kuma shi ya fi kusa da abin da ake kira al'ada a sassan koyar da Hausa. Yana nazarin aure da haihuwa da mutuwa, da dangantaka da sarauta da sana'a da addini. Ayyukan da aka fi ambata a kan Hausawa sun haɗa da na Tremearne a kan camfi da bori (1913 da 1914), da labarin Baba ta Karo wanda Mary Smith ta rubuta (1954), da na M. G. Smith a kan sarautar Zazzau (1960), da na Polly Hill a kan Batagarawa ta Katsina (1972). Idan aka dubi wannan jeri za a ga cewa Kano da Zazzau da Katsina ne suka kwashi kaso mafi tsoka. Har Nufe, wadda a ƙarni na 19 take ƙarƙashin Gwandu, ta samu babban littafin S. F. Nadel (1942). Manomin Gwandu kansa bai samu irin wannan ba. Abin da ya fi kusa shi ne maƙalar P. G. Harris (1942) a kan masuntan Kabi. Sakamakon haka, ɗalibi yakan ɗauki bayanin gandu da aka yi a kan Batagarawa ko Zazzau ya ɗora wa ƙauyen fadama, inda noman shinkafa da su da zuwan ambaliya suke tsara aikin gida ta wata fuska daban.

2.3 Sharhi a Kan Littafin Hopen

Littafin The Pastoral Fulbe Family in Gwandu ya fito a 1958 a ƙarƙashin Cibiyar Nazarin Afirka ta Ƙasa da Ƙasa da ke Landan. Yana cikin ayyuka uku da aka gudanar a kan Fulani makiyaya a shekarun 1950. Sauran biyun su ne na D. J. Stenning a kan Woɗaaɓen yammacin Barno (1959) da na Marguerite Dupire a kan na Nijar (1962).

Littafin ya cancanci yabo ta fuskoki uku. Na farko, marubucin ya bi tafarkin Malinowski, ya je ya zauna cikin mutanen, saɓanin jami'an da suka dogara da tafinta da rahoton hakimi. Na biyu, ya rarrabe Fulanin shanu da Fulanin gari waɗanda sarauta da malanta suke hannunsu, don haka ya kauce wa kuskuren ɗaukar kowane Bafillace a matsayin mai mulki. Na uku, ya ɗora nazarin iyali a kan garke, ya nuna cewa dangantakar miji da mata da ta uba da ɗa ba ta fahimtuwa sai an san wa ke da saniya, wa ke kiwonta, wa ke da nononta. Wannan darasi ne ga ɗaliban al'ada, waɗanda sau da yawa sukan jera matakan biki tun daga na-gani-ina-so har zuwa buɗar kai, ba tare da sun tambayi daga ina dukiyar ta fito ba, kuma hannun wa ta koma.

Ta ɓangaren rauni kuwa, abu na farko yana cikin sunan littafin. An yanke iyalin makiyayi an ajiye shi a tsakiya, manomi ya zama maƙwabcin da ake hange daga ruga. Alhali a wannan ƙasa zaman biyun a sarƙe yake. Makiyayi yana sauka a gonar manomi bayan girbi, shanu su ci kara su bar taki. Matar ruga tana kai nono gari ta komo da hatsi. Manomi mai hali yana ba Bafillace amanar shanunsa. Wanda ya karanta rabin wannan labari zai zaci al'ummu biyu ne da iyaka a tsakaninsu.

Abu na biyu shi ne zamani. An yi binciken ne kafin samun mulkin kai a 1960, a lokacin da tsofaffi suke tuna annobar shanu ta wajajen 1890, jangali kuma yake babban abin da ke haɗa makiyayi da hukuma. Bayan haka an yi dokar keɓe makiyaya ta Jihar Arewa a 1965, da dokar mallakar ƙasa ta 1978. An gina madatsar Bakolori a kan gulbin Sakkwato da ta Goronyo a kan gulbin Rima, waɗanda suka sauya yadda ruwa yake malala a fadama. An ƙirƙiro Jihar Kabi a 1991. A watan Nuwamba na 2015 an ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa rance na Babban Bankin Nijeriya a Birnin Kabi, noman rani ya ƙara bunƙasa. Fadamar da a da take zama makiyayar rani, yanzu da yawanta shinkafa ce a cikinta a daidai lokacin da shanu suka fi buƙatarta. Saboda haka littafin Hopen ya zama shaidar tarihi, ma'aunin da za a gane nisan tafiyar da aka yi. Kuskure ne a kawo shi a matsayin bayanin abin da ke gudana a yau.

Abu na uku, an rubuta shi da Ingilishi don masu karatu na Turai. Jikokin waɗanda aka yi nazarinsu kaɗan ne za su iya karanta shi, balle su ce an faɗi daidai ko an yi kuskure.

2.4 Magabata na Cikin Gida

Yawancin littattafan gabatarwa suna fara tarihin fannin daga Turai, kamar dai ba a taɓa bayyana al'umma a rubuce ba sai da Bature ya zo. Tarihin Gwandu ya ƙaryata haka. Muhammadu Bello, a Infaƙul Maisuri (1812), ya bayyana ƙasashen Sudan da mutanensu da al'adunsu. Malam Abdullahi ya bar Tazyinul Waraƙati, wanda ke ɗauke da labarin malamansa da abubuwan da ya gani. Lokacin da Heinrich Barth ya sauka Gwandu a 1853, zamanin Sarki Halilu, a nan ya samu kwafin Tarikhus Sudan, tarihin Sanwai da Tambutu, ya kwafi sassansa ya kai Turai, ko da yake ya jingina shi ga Ahmad Baba alhali na Abdurrahman Sa'adi ne. Haka kuma Imam Umaru, wanda aka haifa a Kano a 1858, asalin gidansu kuma Kabi, ya rubuta bayanai masu yawa da ajami a kan noma da sana'o'i da zaman Hausawa, waɗanda D. E. Ferguson ya fassara a kundinsa na 1973. A zamaninmu akwai Zaman Hausawa na Habibu Alhassan da abokan aikinsa (1982), da ayyukan Aliyu Muhammad Bunza na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo.

Su ma waɗannan ba su kuɓuta daga sharhi ba. Malaman jihadi sun dubi al'ada ne da ma'aunin shari'a, don haka abin da suka fi kawowa shi ne wanda suke son a bari. Littattafan makaranta kuwa sukan yi magana a kan Bahaushe guda ɗaya, wanda ba shi da gari ba shi da zamani. Duk da haka suna da abin da baƙo ba shi da shi, wato jin harshe tun daga tushe da sanin abin da ba a faɗa wa baƙo.

2.5 Matsayin Wannan Bincike

Bisa ga abubuwan da suka gabata, wannan bincike ya ɗauki matsayi uku. Na ɗaya, zai tsaya a reshen al'ada da zamantakewa, amma zai nemi taimakon reshen harshe a duk inda kalma ta zama shaida. Na biyu, abin nazarinsa shi ne hulɗar da ke tsakanin gona da ruga a Gwandu da Kalgo, wato taki da nono da amanar shanu da burtali da auratayya, maimakon ɗaukar ƙabila ɗaya a keɓe. Na uku, kowane bayani za a danganta shi da garinsa da lokacinsa. Dalili kuwa shi ne, idan shanu suka shiga shinkafa aka kai ƙara gaban hakimi ko alƙali, abin da ake jayayya a kai shi ne ina burtali ya bi a da, kuma wace yarjejeniya kakanni suka yi. Tsofaffin da suka san amsar suna ƙarewa, kuma abin da ba a rubuta ba yana tafiya tare da su.

2.6 Naɗewa

A wannan babi an kawo ma'anar ilimin nazarin ɗan'adam da rassansa huɗu, an kuma auna kowanne da ƙasar Gwandu. An ga cewa reshen halittar jiki ya fara da ra'ayin fifikon jinsi kafin ya dawo ga abin da zai amfani lafiyar jama'a, reshen kufai bai taɓa garuruwan biyu yadda ya kamata ba, reshen harshe ya ba da hujjar daɗewar cuɗanya, reshen al'ada kuwa ya fi karkata ga gabashin ƙasar Hausa. An yaba wa Hopen a kan zurfin bincikensa, an kuma nuna iyakarsa ta fuskar farfajiya da zamani da harshe. Masu iya magana sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Babi na uku zai bayyana hanyoyin da aka bi wajen tattara bayanai a garuruwan biyu da rugagen da ke kewaye da su.